An bar jaki ana dukan taiki: jakar soja da tarihin 'yan dako a ƙasarmu

Jama'a, duk mai bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko Ƙaura zuwa Zurmi har Jibiya, ya san akwai kayan da yanzu ba a shiga mota da su hankali kwance. Cikinsu har da jakar goyo irin ta sojoji, wadda 'yan gwanjo ke sayarwa. Da direba ya hango ta sai ya ce a cusa ta ƙarƙashin buhuna, don kada a ja masa dogon tsayi a shinge. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, ɗalibi da mafarauci da mai tafiya cirani su ne masu sayenta, ba don komai ba sai don ƙarko. Yau ta zama abin zargi. Ina so mu ɗan waiwaya baya, domin tarihin ɗaukar kaya a wannan yanki yana da abin da zai gaya mana.

Kakanninmu ba su san goyon kaya a baya ba, goyo na jariri ne. Namiji a ka yake ɗauka, da gammonsa da sandar da zai tokare kayan in an zo loko. Abin da ya fi ƙarfin kai, na jaki ne da takarkari da raƙumi, a taiki ko mangala ko waga. Malami da gafakarsa, maharbi da burgaminsa. Da haka fatake suka kai Gwanja suka dawo da goro.

Da Turawa suka zo, ba su zo da mota ba. Da kawunan mutane suka ci ƙasar nan. Bayan sun kama Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta yankinmu suka biyo zuwa Sakkwato. A Birnin Goga Sarkin Kano Alu ya rabu da rundunarsa, a Kwatarkwashi aka gwabza har Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa, kuma a Ƙaura Namoda rundunonin Kemball da Morland suka haɗu kafin su faɗa wa Sakkwato ranar 15 ga Maris. To wa ya ɗauko akwatunan harsashi, da igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, da tantuna, har da abincin gwangwanin hafsoshi? 'Yan alaro ne, ɗaruruwansu. Ma'aunin kayan mutum ɗaya a zamanin shi ne kimanin fam 60, wato kilo 27, a yini ana tafiya da shi. Hafsan da ya yi faɗan Kwatarkwashi, Wallace Wright, ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Masu dakon kuwa ko sunansu ba a ambata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau, nan layin ya tsaya. Amma jirgi ba ya shiga gona. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi, a bayan jaki da kan ɗan dako suka riƙa isa tasha.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Bama. A 1943 Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma, kuma 'yan Arewa na da yawa a ciki. Abin da ya bambanta su da sauran rundunoni shi ne dubban sojojin dako da aka ɗauka musamman don kai kaya a ka. A tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, alfadari ma yana shan wuya, su suka ɗauki harsashi da rediyo da magani da masu rauni. In ka ji barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Myohaung da Arakan a Legas, sunayen wancan yaƙi ne. Mazan jiya da suka dawo, sun dawo da jakar tamfol mai maɗaurai da ƙaton takalmi da gorar ruwa ta ƙarfe. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun riski ragowar irin waɗannan jakunkuna rataye a zaure, an mayar da su ma'ajin takardun haraji. A lokacin jakar soja alamar girma ce.

Ta yanzu kuwa hanyarta daban. Manyan ƙasashe in sun sauya kayan sojansu, sai su yi gwanjon tsofaffin. Misali, a 1973 sojan Amurka ya fito da samfurin da ake kira ALICE, mai ƙashin alminiyam da ɗamara. Hikimarsa ita ce ɗamarar ta sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu, hannu biyu kuma su zauna a sake. Da aka kawo sabon samfuri a ƙarshen shekarun 1990, sai tsohon ya cika kasuwannin duniya. Wasu suka shigo mana cikin dilar gwanjo ta Kwatano da Maraɗi, mafi yawa kuma kwaikwayo ne daga Chana. Wannan hikimar ita ta sa talaka ke sonta: mai haƙar zinari ya zuba kayan aikinsa, ɗalibi ya zuba littattafai da garin kwaki, ta yi shekaru ba ta yage ba. Kuma ita dai ta sa ɗan bindiga ke sonta, tunda a kan babur yake, yana buƙatar hannuwansa.

A nan ne nake ganin muna barin jaki muna dukan taiki. Jaka ba ta harbi. Bindigar da ke tare da ita, da harsashin da ke cikinta, su ne abin bincike: ta ina suka shigo, wa ya sayar, wa ya kawar da kai? Kowa ya san tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel, kuma Shinkafi da Zurmi ba su da nisa da iyaka. Akwai ƙa'ida cewa ba a shigo da kayan soja sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. To yaya kaki ke kaiwa dajin Dumburum? Mun ga Satumbar 2021, da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako har da ta Alhamis a Shinkafi, aka hana sayar da mai a jarka. An yi da kyakkyawar niyya, amma wanda ya fi jin jiki shi ne mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba jakar ba ce. Shekara ɗari da ashirin bayan 'yan alaron Morland, har yanzu a ƙasar nan ana tasa ƙeyar mutum da bakin bindiga, a ɗora masa hatsin da aka kwasa daga rumbunsa, ya kai daji da kansa. Matan da aka tasa daga ƙauyukansu kuwa, da ƙunshi a ka da goyo a baya suke shigowa Ƙaura da Zurmi. Mai bindiga ya sauya, mai dako bai sauya ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san iyakata, shawara kawai zan bayar. Iyaye, don Allah kada a saya wa yaro jaka ko riga mai zanen kakin soja, komai arharta. Akwai baƙa, akwai ruwan ƙasa, ƙarkonsu ɗaya, kuma rai ya fi jaka. 'Yan gwanjo, ku tsara kanku a ƙungiyance, ku san wanda ke zuwa sayen goma ko ashirin a lokaci guda. Jami'an tsaro da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, muna ganin ƙoƙarinku, muna kuma roƙo a buɗe jaka a duba kafin a yanke wa mai ita hukunci. Matashin da aka wulaƙanta ba da laifi ba, gobe ba zai kawo muku labari ba.

Wanda kakansa ya je Bama, ko aka taɓa ɗauka aikin dako zamanin Turawa, ya rubuto mana abin da ya ji a gida. Takardun Turawa ba su riƙe sunayensu ba, ya kamata mu mu riƙe.

Allah Ya sauke mana wannan kaya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.