Ruwan Laka: Daga Sanƙarau Zuwa Gigin Tsufa

A jikin baligi akwai wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150, da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya gangara cikin ƙashin baya ya lulluɓe laka. Jiki na samar da kusan mililita 500 nasa a kullum, watau yana sabunta kansa kamar sau uku kafin gari ya sake wayewa. Tun da yake wanke ƙwaƙwalwa yake yi, duk abin da ya faru a can sai ya bar alama a cikinsa. A 1891 ne wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya nuna yadda za a soka allura a tsakanin ƙasusuwan kwankwaso a ɗebo shi ba tare da an taɓa laka ba. Tambayar da likitoci suka riƙa yi wa wannan ruwa a ƙasashenmu ta sha bamban da wadda ake yi masa yau a Turai.

Mu fara da Chadi. Faransawa sun kafa Fort-Lamy a 1900, garin da ya koma N'Djamena a 1973, kuma Gardole na cikin tsofaffin unguwanninsa. Garin ya zauna a kan hanyar alhazan ƙasa, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina su ratsa Borno da Wadai su shiga Sudan. Da yawa sun yada zango ba su ƙara gaba ba, kuma a kansu John Works ya wallafa littafinsa na Hausawan Chadi a 1976. Hanyar da ke ɗaukar mutane tana ɗaukar cuta. An rubuta annobar sanƙarau ta farko a Arewacin Nijeriya a 1905, kuma Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, yana ganin ta wannan hanyar ce cutar ta shigo daga gabas. Bayan Hajjin 1987 wani nau'in ƙwayar ya sake bin matafiya, ya haddasa annoba a N'Djamena a 1988.

A irin wannan hali ne mutanenmu suka san allurar baya. An kawo yaro wuyansa ya sanƙare, zazzaɓi ya kama shi, sai a ɗebi ruwan. In ya fito gurɓatacce kamar ruwan tsaki, likita ya san abin da yake fuskanta tun kafin ya duba a madubi. A kudancin Chadi kuwa, inda ƙudan tsando ke yaɗa ciwon barci, ƙirga fararen ƙwayoyin jini ake yi a cikinsa: in sun haura biyar a kowace maikrolita, cutar ta kai ƙwaƙwalwa, a da sai a ba da melarsoprol, maganin da shi kansa kan kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin. Ba abin mamaki ba ne da har yau dangi kan ƙi yarda a soka wa nasu allurar. Sun ga an yi wa mutum ita ya mutu, ba su lura cewa dama sai ciwo ya ci ƙarfinsa ake kawo shi ba.

Waɗannan yaƙe-yaƙe biyu an ci galabarsu, ko kusan haka. A Disamban 2011 an yi wa mutum kimanin miliyan 1.8 rigakafin MenAfriVac a N'Djamena da yankuna biyu na kusa, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari idan an kwatanta da inda ba a yi ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar al'umma a Chadi.

A Turai kuwa wata tambayar ce ta taso. A 1906 Alois Alzheimer ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata, Auguste Deter, bayan rasuwarta: dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da zarurruka da suka cuɗe a cikinsu. Kusan shekara casa'in ba a iya tabbatar da cutar sai mai ita ya mutu. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano cewa ruwan laka na ba da labarinta tun mutum na raye. Furotin ɗin da ake kira amiloid-beta 42 raguwa yake yi a cikin ruwan, domin ya maƙale a dunƙulen ya daina gangarowa. Wanda ake kira tau kuwa ƙaruwa yake yi, domin ƙwayoyin da suka ji rauni suna zubar da shi.

Amfanin wannan ya fi fitowa a matakin farko, lokacin da dattijo ya soma maimaita tambaya ko ɓata lissafin kasuwa, amma yana sallarsa daidai yana gane kowa. A 2006 Oskar Hansson da abokan aikinsa a Suwidin suka bi mutum 137 masu irin wannan mantuwa har shekara huɗu zuwa shida. Gwajin ruwan da aka yi tun farko ya kama kashi 95 cikin ɗari na waɗanda daga baya cutar ta bayyana a jikinsu. Wani bincike na 2012 a kan iyalan da ke gadon cutar ya nuna cewa sauyin kan fara shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar kafin a ga alama.

Mu a nan, kalma ɗaya muke da ita mai rufe komai, gigin tsufa, kuma ba ma ɗaukarsa cuta. Akwai ladabi a cikin haka, domin ba a wulaƙanta tsoho da shi. Amma kalmar kan binne abubuwan da ke da magani, kamar hawan jini da ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa. Bincike mafi shahara a yankinmu shi ne wanda Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka jagoranta, aka wallafa a 1995: kashi 2.29 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke da cutar, a kan 8.24 na baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka. Da tambayoyi da duban likita aka yi shi, ba da ruwan laka ba.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Ma'aunin da ake cewa wannan adadi lafiya ne, wancan cuta ce, galibi a jikin Turawa aka yanka shi. Wani bincike na 2019 a Jami'ar Washington da ke St. Louis ya samu cewa tau na baƙaƙen Amurka ya fi na farare ƙanƙanta. Sannan gwajin na da tsarabe-tsarabe: amiloid kan manne a jikin kwalba in ba ta musamman ba ce, kuma ajiya mai tsawo na bukatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a garuruwan da wuta ba ta da tabbas. A Mayun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai auna tau da amiloid, wanda zai iya rage bukatar allurar baya. Shi ma sai an gwada shi a jikin tsofaffin Gardole da Fagge da Zangon Maraɗi kafin a san inda layinsa ya faɗa a wurinmu.