Shekarun da Masu Hoto Suka Koma Yankan Gilashi

Wannan makon tarihin wani ɗan gilashi ne da bai kai kwalin ashana girma ba.

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, to gilashin saiti yake kallo. An goge fuskarsa ɗaya ta yi dishi-dishi, hoton ya faɗo a kai a kife, shi kuma ya yi ta gyara har ya fito tas. Kyamarar Daguerre da aka fara sayarwa a Faris a 1839 ma da shi ta zo.

Da kyamara ta ƙanƙance, gilashin ya koma cikinta, saman madubi, daga baya ma aka riƙa yin sa da roba. Nikon F ta 1959 ta bai wa mai hoto damar cire shi ya sa wani. Wanda ya fi farin jini shi ne mai da'ira a tsakiya, rabe gida biyu: ka auna bakin ƙofa ka gan shi a karye, kana murza lens har ya haɗe. Ya haɗe, saiti ya yi.

A 1985 Minolta ta fito da 7000 mai saita kanta, kamfanoni suka bi sahu, da'irar ta ɓace. Sai da kyamarorin dijital suka yawaita bayan 2000 aka ji rashinta sosai. Ga tsofaffin lens na hannu da arha, amma ido ba shi da madogara.

Nan yanka ya shigo. Gilashin kyamarar fim an yi shi ne don milimita 36 da 24, yawancin na dijital kuwa kusan 24 da 16. Sai mutum ya samo tsoho, irin K3 na Nikon, ya rufe fuskokinsa da salatif, ya ci gefunan da sanfefa daidai wa daida don kada da'irar ta kauce daga tsakiya. Ƙarzuwa ɗaya, za ka yi ta ganinta kullum. A ganina kauri ne ya fi ba da wuya: in ya bambanta ko da kaɗan, ido ya ce saiti ya yi, hoto ya fito da hazo, sai an yi ciko da siraran ƙarafa.

Kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 ta 2013, su suka rage wa sana'ar kasuwa, don babu gurbin gilashin a cikinsu.