INA HOTUNA SUKE ZUWA IN WAYA TA ƁATA?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Birnin Gwari, daga wani mai sauraronmu da ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce 'yan bindiga sun tare su a hanyar Kaduna, suka karɓe masa waya, alhali a cikinta hotunan marigayi mahaifinsa suke, har da hoton takardar gonarsu. Yana son tarihin wannan abu da ake cewa wai waya tana aika hotuna "sama", kuma ko akwai sa rai ya sami nasa.

AMSA: To Malam, muna yi maka jaje, baba kuma Allah ya jiƙansa. Akwai sa rai, amma da sharaɗi. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

A shekarar 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da kyamarar Kodak mai cin hoto 100. In fim ya cika, sai mutum ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfani a birnin Rochester, a wanke, a dawo masa da ita da sabon fim. Ka ga ke nan tun fil azal hoto yana yin tafiya. A nan ƙasar Hausa kuwa, manya za su tuna da mai hoton da yake zuwa ranar suna ko sallah, ya ɗauka, a jira shi kwana da kwanaki ya je birni ya wanko. Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, kowane hoto yana da gida biyu: wanda aka ba ka, da baƙin fim ɗin da ya rage a shagon mai hoto. In gara ta cinye naka, sai ka koma ka biya a sake wankewa. Ni kaina hotonmu na gama kwalejin horon malamai ruwan damina ya lalata shi, ta wannan hanya na same shi.

A 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim. A shekarar 2000 kamfanin Sharp na Japan ya sa wayar hannu mai kyamara a kasuwa, a watan Agustan 2001 kuma wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya. Daga nan masu wanke hoto suka fara rasa ciniki, hoto ya koma gida ɗaya tak, wato cikin waya ko memori. Memori kuwa ka san halinsa, yau yana nan, gobe ya ce a goge shi.

Wannan matsala ce ta haifi abin da Turawa suke kira gajimare. Babu wani gajimare, Malam. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci a Amurka da Turai da wasu ƙasashe, waya tana tura musu kwafin hoto ta intanet. Apple ya buɗe nasa, iCloud, a 2011, yana ba da gigabait 5 kyauta. Google Photos ya fito a 2015, da farko ba iyaka, sai daga 1 ga Yuni 2021 aka ce duk sabon hoto zai shiga lissafin gigabait 15 da ake ba kowa, wanda saƙonnin Gmail ma a cikinsa suke ci. Wato an dawo da shagon mai hoto, sai dai yanzu yana bayan teku.

Nan ne zancen ya shafi garinku. Rumbun nan ba ya karɓar kaya sai da sabis. Saboda 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Neja, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen Satumbar 2021, har da Birnin Gwari, ba a ba da umurnin maido su ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk hoton da aka ɗauka a wannan tsakani, a cikin waya ya zauna, sai in mai ita ya fita inda ake samun sabis. Ko ba wannan ba ma, wayoyi da yawa an saita su kada su tura hoto sai da Wi-Fi, don kada data ta ƙare. Mutumin ƙauye kuwa ina ya ga Wi-Fi? Sai ya yi shekara yana zaton hotunansa suna sama, ashe ko ɗaya bai tashi ba. A ganina masu ƙera abin nan ba su yi shi da irinmu a zuciya ba.

Akwai wani tarkon kuma. In wayoyi biyu suna kan adireshi ɗaya, to kamar madubi suke. Ka goge hoto a wannan, ya ɓace a waccan, ya ɓace a rumbu. Yakan ɗan jima a kwandon shara, a iPhone kwana 30 ne, daga nan shi ke nan. Don haka wanda wayarka take hannunsa, in bai da tsoron Allah kuma wayar ba kulle, yana iya share maka rumbun daga cikin daji.

To ga abin yi, kuma kada ka jinkirta. Je ofishin kamfanin layinka da lambarka ta NIN, a rufe tsohon sim a ba ka sabo mai lambar da. Sannan ka ari waya ko kwamfuta, ka shiga Gmail ɗinka, ka canja lambar sirri, ka fitar da tsohuwar wayar daga ciki, sa'an nan ka duba Google Photos. Na san inda gizo yake saƙar: yawancinmu yaron shagon waya ne ya buɗe mana adireshin, ba mu ma san sunansa ba, balle lambar sirri. In haka ne, lambar wayar da aka buɗe shi da ita tana iya taimakawa, shi ya sa na ce ka fara da sim. Ka kuma sani tun Disambar 2023 Google yana iya rufe adireshin da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba.

In ka shiga ka tarar wayam, kada ka yanke ƙauna. Bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ka taɓa tura wa hoton baba ta WhatsApp ko Xender, ya turo maka. Na WhatsApp ba zai kai na asali kyau ba, amma fuskar tana nan. In ka samu, ka kai Kaduna a wanke maka biyu a takarda, ɗaya a gidanka, ɗaya a ajiye wurin ɗan'uwa a wani gari. Takardar gona kuwa, in ta asali tana nan, a yi mata fotokwafi tun yau, a kuma nuna wa mai unguwa.