Malami a Ƙofar Fada

Idan ɗan Gwarzo ko Kabo ya gama digirin dakta a Jami'ar Bayero, ya bar koyarwa ya koma ba kamfanoni shawara, wasu kan ce karatu ya tashi a banza. Tarihin Kano bai goyi bayansu ba. Wajen 1492 Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi kan tsarin mulki: a naɗa ma'aji, marubuta da masu lissafi. Za a ce shi don Allah ya yi, na yau don kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma a ganina haɗarin yana ga faranta wa maigida. Magili kuwa ya gargaɗi Rumfa kada ya ɓuya wa talakawansa.