Asalin Zoɓo

Zoɓo ɗan yakuwa ne. Ita yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure, tsiro ce ta ƙasashen Afirka masu zafi, kuma tun kaka da kakanni ake shuka ta a ƙasar Katagum. A da ba a ware mata gona. Manomi kan jera ta a kan iyaka, ta raba geronsa da na maƙwabcinsa, mata kuma su riƙa tsinkar ganyenta don miya da fate.

Ƙasar Azare da Gamawa da Zaki jigawa ce mai rairayi, damina gajera, rana mai ƙarfi, yakuwa kuwa haka take so. Ana shuka ta in ruwa ya zauna. Sai kaka ta yi, an kawar da gero, sannan ta yi fure. Furen ya bushe ya faɗi, kofin da ke riƙe da shi ya kumbura ya yi jawur. Wannan kofin shi ne soɓorodo. Mata da yara ke zama su ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayinsa na cin hannu, a shanya a tabarma. 'Ya'yan ciki, wato gurguzu, da su ake daddawar batso.

Soɓorodo iri-iri ne. Fari na miya ne. Ja mai haske ya fi tsami, mai duhu kuwa ya fi ba da kala da kauri, shi masu sayarwa suka fi nema. Akan tafasa shi da citta da kanumfari, wasu su ƙara ɓawon abarba, a tace, a sa sukari. 'Yar ƙwayar kanwa na kashe tsami, amma in ta yi yawa sai zoɓon ya yi baƙi ya salamce. Gwanar haɗi takan bar tsamin ya ɗan ja harshe. Da azumi, buɗa-baki a Azare ba ya cika sai da zoɓo mai sanyi.

Zamanin cinikin bayi irin yakuwa ya haye teku zuwa Jamaika. A Masar da Sudan sunan zoɓo karkade, a Senegal bisap. Yau Meksiko ce babbar mai sayen soɓorodon Nijeriya, shi ya sa yakuwa ta bar kan iyaka ta sami gonarta. Dillalai na tara buhuna daga kasuwannin ƙauye da irin su Maigatari a Jigawa, a tsince a Kano, a loda zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas.