Askar Ranar Suna da Abin da Jiki Ke Riƙewa

A ƙasar Daura, daga cikin birni har Zango da Ɓaure, an daɗe jariri bai cika kwana bakwai ba sai ya gamu da wanzami. Ranar suna a yi masa aski, a wasu gidajen a yi tsagar gado, sau da yawa kuma a cire beli. Idan ya tsala kuka, sai tsofaffi su ce ai bai san zafi ba, gobe ma ya manta.

Wannan zato ba na Hausawa kaɗai ba ne. Har cikin shekarun 1980, likitoci a Turai da Amurka sukan yi wa jarirai tiyata da ɗan maganin kashe zafi kaɗan, ko ma babu, bisa hujjar cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Anand da Hickey suka wallafa bayanin da ya rushe wannan fahimta, suka nuna cewa jariri yana jin zafi sarai.

Sai tambaya ta gaba ta taso: shin da gaske yana mantawa? A 1997, Anna Taddio da abokan aikinta a Kanada suka gano cewa jariran da aka yi wa kaciya ba tare da kashe zafi ba sun fi sauran nuna jin ciwo lokacin allurar rigakafi, bayan wata huɗu zuwa shida. A 2005 masu bincike a Jami'ar Kalgari suka tayar da garkuwar jikin 'ya'yan ɓeraye da sinadarin ƙwayar cuta, ba tare da yanka ba, kuma da suka girma sai suka fi 'yan'uwansu saurin jin zafi. A 2012 wani nazari a Landan ya nuna hanyar: rauni a farkon rayuwa yakan bar ƙwayoyin garkuwa na cikin laka a ɗane, ta yadda rauni na biyu a girma zai fi tsanani, ya kuma fi jimawa. Mafi yawan wannan hujja daga dabbobi take, amma ta dace da abin da aka gani a yara.

Daura ta san amfanin tayar da garkuwa da gangan. A zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, aka fara gangamin lambar agana na 1967, kuma zuwa 1970 cutar ta ƙare a Nijeriya. Tabon da ke damtsen dattawa shaida ne. Rigakafi abu ne awunanne mai ceton rai, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono lokacin allura don rage masa zafi.

Cire beli kuwa daban yake. Ba ya kare wata cuta, yana iya jawo zubar jini, aska marar tsabta kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a daidai kwanakin da jijiyoyi ke koyon yadda za su auna zafi. Wanzamai masu daraja ne a masarauta, kuma ta hannunsu da na kakanni gyara zai fi shiga gidaje. Yaro ba zai iya ba da labarin kwanansa na bakwai ba, amma magabata sun riga sun faɗa: jiki magayi.