Zubin ƙarfe da garin tangaran ta hanyar juyi

Idan kuka fasa karan dawa, za ku ga bayansa da tauri, cikinsa kuwa totuwa ce mai laushi. Shi ya sa kara yake da ƙarfi, ba shi da nauyi. Masana a ƙasar Japan sun fito da tunanin ƙera irin wannan abu a shekarar 1984, domin jirgin zuwa sararin samaniya: gefe ɗaya tangaran mai jure zafi, ɗaya gefen ƙarfe mai wuyar karyewa, tsakaninsu kuma sauyin yana tafiya sannu a hankali.

Yaya ake yin sa?

Da farko ana narka alminiyom, wato sanholo. Yana narkewa idan zafi ya kai digiri 660. Sai a zuba masa garin tangaran mai tsananin tauri, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da shi, a gauraya. Daga nan a tsiyaye shi cikin mazubi mai siffar bututu, inji yana juya mazubin da sauri ƙwarai.

Ku tuna da bokitin ruwa da yaro yake wulwulawa da igiya: ruwan ba ya zuba, yana manne wa gindin bokitin. Haka juyi yake tura kowane abu waje, mai nauyi a gaba. Garin tangaran ɗin ya ɗan fi sanholo nauyi, saboda haka yana taruwa a bayan bututun, yana raguwa zuwa ciki. Idan zubin ya huce, bayansa ba ya saurin cinyewa, cikinsa kuma ba ya saurin tsagewa. Ana gwada shi wajen yin kayan birki da sassan inji masu yawan gogayya.

Juya mazubi ba sabon abu ba ne. An yi rajistar dabarar a Ingila tun 1809, kuma da ita ake zubin manyan bututun ruwa.

Me ya shafe ku a Gaya?

Tukwanen sanholo da kuke saya a kasuwar Gaya, ko a Malanbil ta ƙasar Benin, ko a Kamba ta Najeriya, ba a juya su. Maƙera suna narka tsofaffin gwangwanaye da sassan mota da gawayi, su zuba a mazubin ƙasa. Amma darasin ɗaya ne: duk abin da ya shiga narki, yana nan cikin tukunya. Binciken da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya samu dalma a cikinsu. Dalma guba ce, tana cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Shawara

1. Maƙeri, kada ka sa kayan batirin mota ko lagireto cikin narkin tukunyar abinci.
2. Ka busar da tarkacen ƙarfe da ludayin zubi sarai. Ɗigon ruwa cikin narkakken sanholo yana sa shi fantsama, ya ƙone mutum.
3. Ka yi aiki a fili mai iska, ka sa takalmi rufaffe, yara su tsaya nesa.
4. Uwargida, kada ki bar miya mai tsami ta kwana cikin tukunyar sanholo. Ki juye ta a wani kwano da zarar ta dahu.